Liƙi Muke Yi, Ina Jarin?

 

Makon jiya an gayyace ni wani biki, irin wanda ake ɗauko mawaƙi da kayan kiɗan zamani. Ana cikin sha'ani sai wani babban mutum ya miƙe, yaransa biyu na biye da shi da jaka. Mawaƙi ya kama sunansa, ya kama na mahaifinsa, ya gangaro har kan mazaɓarsa. Kuɗi suka dinga zuba kamar ruwan marka. Ni kuwa idona na kan wani yaro a gefen dandali, ya duƙa kan fiyano da kwamfuta, wanda shi ne ya haɗa kiɗan da ake ta rawa da shi. Da aka tashi na ja shi gefe na ce, "Samari, kai nawa ne naka?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, mu ai kuɗin mota ne." Fiyanon ma na haya ne. Shekararsa huɗu yana tarin sayen nasa, duk sanda ya kusa sai Dala ta tashi, kuɗin su koma baya.

To, a kan wannan yaron za mu yi sharhinmu na yau. Ana yawan cewa ba a kashe wa fasaha kuɗi a ƙasar nan. Ni ban yarda ba. Ana kashewa, har da ɓarna. Sai dai liƙi ake yi. Shi kuwa liƙi goshin wanda ake gani yake nema, kuma a daren yake ƙarewa. Bai san wanda ya rubuta baitin ba, bai san wanda ya riƙe kyamara ba, balle yarinyar da ke can ƙauye tana rubuta labari a bayan littafin lissafi.

Bari mu ɗan koma baya, don da tsohuwar zuma ake magani.

A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, ya sa gasa. Kada mu yaudari kanmu, ba don Allah da Annabi ya yi ba. Makarantunsu ne ba su da littattafan karatu. Amma ku dubi abin da gasar ta haifar. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. A lokacin Imam yana da shekara 22, malamin makaranta ne a Katsina, Tafawa Ɓalewa bai ma kai shi shekaru ba. Su biyun matasa ne, irin waɗanda yau za mu ce su bari sai sun girma. Kuma ku lura, a cikin mutum biyar ɗin nan har da John Tafida, Kirista daga Wusasa. Babu wanda ya tambaye shi inda yake ibada, labarinsa aka duba.

Nawa aka kashe a wannan gasa? Ko ma nawa ne, bai kai kuɗin gina bene ba. Abin da ya sa ta yi albarka shi ne kuɗin yana da hanyar bi. An yi gasa, an zaɓa, an gyara, an buga, an kai makarantu, yara sun karanta. Bayan nan aka ɗauko Imam aka zaunar da shi ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ba a ba shi kyauta aka sallame shi ba, aiki aka ba shi, wani na bin wani.

A 1954 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar wallafa ta NORLA, ita ma a Zariya. Ga inda nake so masu maganar haɗin kan ƙabilu su kasa kunne. Hukumar nan ba Hausa kaɗai ta yi wa hidima ba. Ta fitar da ƙananan jaridu na larduna: Zaruma ta Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Albishir ta Barno, Arɗo ta Adamawa, ga kuma ta mutanen Tibi da harshensu. Babarbare da Bafulatani da Batibi kowa ya ga harshen uwarsa a kan takarda. Shekara biyar kacal ta yi, a 1959 aka rufe ta, don ba ta iya riƙe kanta ta fuskar kuɗi ba. A nan ma akwai darasi, amma bari mu ci gaba.

Duk lokacin da aka sake gwada gasa, sai an ga amfani. Wajen ƙarshen shekarun 1970 kamfanin NNPC na Zariya, ba na man fetur ba, na buga littattafai, ya sa tasa gasar. Daga nan aka sami So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, littafin da ya buɗe wa mata ƙofar ƙagaggen labari. A 1982 Sashen Al'adu na gwamnatin tarayya ya yi tasa, aka sami Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello. Daga nan fa sai gwamnati ta naɗe tabarmarta. Tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan jarrabawa kawai.

Me matasa suka yi? Ba su zauna jiran kowa ba. Wani ya sayar da kekensa, wata ta kwashi adashi, aka nufi masu injin buga kalanda da katin biki. Haka abin da ake kira adabin kasuwar Kano ya tashi. Ga ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, su Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, su Balaraba Ramat Yakubu, ga kuma su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Masana sun yi ta yi musu kallon hadarin kaji, amma matan aure da yawa a ƙasar Hausa a kan waɗannan littattafai karatunsu ya zauna. Fim ma haka. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi Turmin Danya da abin da ke aljihunta. Ba banki, ba ma'aikata. Daga nan masana'antar da yau ake kira Kannywood ta ɗauko, ta ciyar da dubban gidaje: mai rubutu, mai ɗaukar hoto, mai kwalliya, mai fitila, direba, mai dafa abinci a wurin ɗauka.

Sai dai wanda ya tashi ba uban gida, kowa ya samu sai ya taka shi. Tsofaffin hannu za su tuna yadda aka riƙa cinikin fim a kasuwar Ƙofar Wambai. Furodusa ya gama wahalarsa, ya buga kwali, ya miƙa wa 'yan kasuwa uwar kaset su kwafa. Shi abin da zai samu yana kan kwalin da aka sayar. In an kwafa an sayar ba kwali, ya tashi a tutar babu. Da faifai ya zo, satar fasaha ta ƙaru. Da waya ta zo, masu tura fim a kan 'yan kuɗi kaɗan suka cika bakin titi, ga finafinan Indiya masu fassara, sai kasuwar ta durƙushe gaba ɗaya. Gidajen sinimar da muka sani muna samari, su Plaza da Orion da El Dorado, yawancinsu sun zama tarihi. Yau kowa ya koma YouTube yana jiran abin da za a gutsura masa, alhali kallon ɗan Kano ba ya kawo kuɗin talla kamar kallon ɗan Amurka.

Za ku ce, to gwamnati ba ta taɓa yunƙurawa ba ne? Ta yunƙura, kuma da manyan alƙaluma. Tun 1988 ƙasar nan take da rubutacciyar manufar al'adu. A 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ware Naira biliyan 3 don masana'antar fim. A 2016 gwamnatin Buhari ta ce za ta gina alƙaryar fim ta Naira biliyan 3 a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Kun san yadda ta ƙare. Malamai suka hau mumbari, aka yi ta ce-ce-ku-ce, cikin 'yan makonni aka janye maganar. Ni a ganina kowane ɓangare na da nasa laifin. Masu shirin ba su zauna da jama'a sun yi bayani ba, sai dai aka wayi gari aka ji a rediyo. Masu suka kuma da yawansu ba su tsaya tambayar me za a koyar a ciki ba. Amma abin da ya fi ci mini rai, muhawarar duk ta ƙare a kan a gina ko kar a gina. Mu dai a ba mu gini. Gini ne ake yanka kyalle a buɗe, gini ne ke da kwangila. Yaron da ke hayar fiyano ba bulo yake nema ba.

A 2019 Babban Banki da kwamitin shugabannin bankuna suka fito da shirin ba masu fasaha bashi, na fim da waƙa da ɗinki da harkar kwamfuta, da ruwan da bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba. A Legas wannan garaɓasa ce. A nan kuwa kalmar ruwa kaɗai ta isa ta kori mutum tara cikin goman da na sani, don ba za su haɗa sana'arsu da riba ba. Wanda ya tsara abin daga Abuja bai yi tunanin wannan ba, ko ya yi bai dame shi ba. Alhali mafita tana nan a fili. Tun 2012 bankin Jaiz yake aiki ba ruwa, wasu sun biyo bayansa. Akwai musharaka, a haɗa jari a raba riba da asara. Akwai murabaha, banki ya sayo maka kyamara ya sayar maka, ka biya a hankali. Ashe abin da ake yi wa mai sayen Keke Napep ba za a iya yi wa mai sayen kyamara ba?

Ga kuma dutsen takardu. 'Yar ƙanwata marubuciya ce, irin na zamani, masu sayar da labari babi-babi ta WhatsApp. Ta ji sanarwar wani tallafi, ta shirya ta tafi wani ofis. Aka ce ta kawo rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da tsarin kasuwanci da Turanci, da mai tsaya mata wanda ya kai wani mataki a aikin gwamnati. Ta dawo ta ce mini, "Kawu, da ina da duk waɗannan, me zai kai ni neman tallafi?" Gaskiyarta. Irin wannan sharaɗi ƙara wa Barno dawaki ne kawai. Wanda ya riga ya ƙoshi shi zai cika fom ɗin, ko kuma ɗan wani wanda bai taɓa rubuta ko wasiƙa ba.

Yanzu bari in taɓo inda zai ɗan yi mana ɗaci, mu masu jin Hausa. In muna kukan an fifita Turanci a kanmu, muna da hujja. Babbar kyautar adabi ta ƙasar nan, wadda kamfanin iskar gas na NLNG ke bayarwa, Dala dubu 100 ce. Ɗanmu Abubakar Adam Ibrahim ya ci ta a 2016, mun yi murna. Amma da Turanci ya rubuta. Wanda ya yi irin wannan aiki da Hausa ba ya cikin lissafi. To, mu kuma fa? Yadda Turanci ya danne mu, haka Hausa take danne na ƙasa da ita. Najeriya na da harsuna sama da 500, kuma kaso mai tsoka a Arewa suke, a Bauci da Filato da Adamawa da Taraba da kudancin Kaduna. Akwai garuruwan da kaka ke magana da harshenta, jika ya amsa mata da Hausa. In kakar nan ta rasu, waƙoƙin niƙanta da tatsuniyoyinta sun bi ta kabari. Kuma ku faɗi gaskiya, a finafinanmu yaya muke nuna Bagwari ko Banufe ko Bafulatanin daji? Sau nawa yake fitowa ba a matsayin abin dariya ba?

Ku ciro takardar Naira 20 daga aljihu, in har yanzu ana samunta, ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya, ba ta yi boko ba. A wajen danginta ta koyi ginin tukwane. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da gwamnatin Arewa ta buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ƙarƙashin Michael Cardew, ita ce mace ta farko a wurin. Me aka ba ta? Wurin aiki, da murhun gashi na zamani, da albashi, da hanyar kai kayanta kasuwa. Fasahar tata ce tun daga gida. Da wannan ɗan tallafi tukwanenta suka je Landan, ita kanta ta zaga Turai da Amurka tana nuna gwaninta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ladi Kwali nawa ne yanzu haka a Kwali da Bida da Naraguta da Argungu, waɗanda babu mai leƙa su?

Ba sai an je da nisa ba wajen neman misalin abin da ke aiki a yau. A 2016 sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai, ta mata zalla. Ba a tambayar ki ɗiyar wace ce, ba a neman shaidar haraji. Ki rubuta ki aika. Shekara bayan shekara ana yi, ba fashi, har ta zama abin da 'yan mata ke jira kamar sallah. A Kaduna matasa sun kafa bikin baje kolin littattafai da fasahar Hausa da ƙarfin kansu. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma sun daɗe da gasar waƙa mai sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin Tawa, wadda ta fito da mawaƙa da dama da harsunan ƙasar daban-daban. Abin kunya ne a ce a duk attajiran Kano da Katsina da Sakkwato, da gwamnoni 19, sai gidan rediyon Ingila ne zai riƙe wa 'ya'yanmu mata gasa mafi suna.

Sai dai a yi hattara, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan ba sabon abu ba ne. Narambaɗa da Ɗanƙwairo a inuwar sarakuna suka rayu, doki da riga da hatsi daga fada suke. Amma sarki na riƙe makaɗinsa har mutuwa, ɗansa ma ya gada. Ɗan siyasar yau kuwa na wata huɗu ne. Ya saye muryar yaro, ya sa shi ya zagi sa'an ubansa, zaɓe na wucewa ya sauya lambar waya. Kuɗin ƙungiyoyin waje ma da igiyarsa yake zuwa. Za su biya ka ka yi wasan kwaikwayo kan rigakafi ko zaman lafiya, abu ne mai kyau, amma ranar da ka ce kana da labarin kanka sai a ce babu shi a kasafi. Tashar Arewa24 da kuɗin gwamnatin Amurka ta fara a 2014, kowa ya sani. Abin da ya cece ta shi ne ta mai da hankali ga shirin da mutane ke so, irin su Daɗin Kowa, garin da aka zuba ƙabilu da addinai suna zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, har ta koma tsayawa da tallace-tallace. Tallafin da bai kai ka ga tsayawa da ƙafarka ba, ƙarshensa irin na NORLA ne.

Shi ya sa ni in za a ji tawa, kuɗin kada ya bi ta hannun mutum ɗaya. A sa shi a asusu mai amintattu, alƙalai su duba aiki ba tare da sun ga sunan mai shi ba, a karanta sakamako a rediyo kowa ya ji. Kuma ba baƙon abu nake kawowa ba. Muna da wakafi a addini: attajiri ya tsayar da shaguna biyar, hayarsu ta riƙa buga littafi goma duk shekara, ko bayan ransa. Muna da ajo a gargajiya, inda makaɗi ke kiran masoyansa su haɗa masa abin da zai yi wata babbar hidima. Abin da ya rage a juya ajon nan daga kan mutum zuwa kan aiki. A kowace ƙaramar hukuma akwai ɗakin taron da ke kulle, jemagu na kwana a ciki. A sa masa sola, da kwamfuta uku, da makirfo mai kyau, yara su riƙa karɓar lokaci da awa. A ware kaso a ce wannan na masu aiki da Tangale ne da Bura da Angas da Kambari, ba mai taɓa shi.

Kada kuma mu ɗauka fasaha ta tsaya ga fim da waƙa. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Mun yi ta tafi. Amma wa ke ɗinka lifidi? Wa ke ƙera linzami da likkafa, wa ke yin sirdi, wa ke busa kakaki da algaita? Ku je ku duba, yawancinsu furfura ta cika kansu. Ku leƙa marinar Ƙofar Mata ku ƙirga ramukan da ke aiki da waɗanda suka bushe. Yaro ba zai zauna shekara uku yana koyon dukanci da yunwa ba alhali abokinsa na samun na cefane a kan babur. A biya maigidan sana'a ladan koyarwa, a ba almajirinsa ɗan abin sabulu duk wata, in ya ƙware a saya masa kayan aiki. Tun 2023 muna da ma'aikatar tarayya sukutum mai kula da fasaha da al'adu, muna da sabuwar dokar haƙƙin mallaka. Idan aikinsu bai iso rumfar baduku ba, to, taron otal ne kawai.

Kafin in baro wurin bikin nan na tambayi yaron kuɗin fiyanon da yake so. Ya faɗa mini. Na juya na dubi masu tsintar kuɗin liƙi suna cusawa a buhu, ƙafa na tattake wasu. Ko ban ƙirga ba, abin da ke ƙasa zai sayi irinsa biyar. Shi kuwa yana ta naɗe wayoyinsa da sauri, don mai fiyanon ya ce in ya wuce sha biyun dare kuɗin haya zai ƙaru.